Kafin ka ɗora Windows 11 a Garwa: yadda nake yi a shagona

Tun daga ranar 14 ga Oktoba 2025, da kamfanin Microsoft ya daina aiko wa Windows 10 gyare-gyaren tsaro na kyauta, mutane da yawa da ke shigowa shagona a nan Garwa ta Kamaru buƙata ɗaya ce ke kawo su: a mayar musu da kwamfuta Windows 11. Wasu saƙo ne ya rufe musu fuskar kwamfuta ya tsorata su, wasu kuma a hannun aboki suka ga sabon ya ba su sha'awa. Abin da nake fara gaya wa kowa shi ne, Windows 10 bai mutu ba. Kwamfutarka za ta ci gaba da tashi, Word zai buɗe, firinta za ta buga takarda. Abin da aka daina shi ne toshe kafofin da ɓarayin intanet ke ganowa, kuma wannan babbar magana ce ga mai shiga asusun banki ko mai ajiye takardun jama'a. Ƙaurar ta kama mafi yawanmu, amma ba ta kai a yi ta a guje da tsakar ranar Afrilu, da batir mai rabin rai ba.

Ɗora shi kansa danne-danne ne 'yan kaɗan. Abin da ke ɓata aikin a wajenmu ba shi ne abin da masu bayani a YouTube suke nunawa ba. Kwamfutocinmu galibi na hannu ne, wasu sun sauka a Duwala daga Turai, wasu sun biyo ta Yola ko Mubi daga Legas da Kano, ba mu san hannu nawa suka ratsa ba. Wuta ba ta da tabbas, data ga tsada, ga mu kuma zaune tsakanin Faransanci da Turanci. Shi ya sa mafi yawan lokacina a kan shiri yake ƙarewa, ba a kan ɗorawa ba.

Fara da furosesa, wato ƙwaƙwalwar injin, domin shi ne abin da ba a canza wa laftof. Danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta msinfo32, ka danna Enter. A shafin da zai buɗe ka nemi layin furosesa, za ka ga wani abu kamar i5-6300U ko i5-8250U. Lambar farko bayan ɗan karan nan ita ke nuna zubin: 6300 zubi na 6 ne, 8250 zubi na 8. Idan ka ga irin 1035G1 ko 1135G7, lambobi biyun farko za ka ɗauka, wato zubi na 10 da na 11. Ƙa'idar Microsoft ta karɓar Windows 11 ita ce Intel daga zubi na 8, wanda ya fara fitowa a 2017. A ɓangaren AMD kuwa daga Ryzen 2000 ne, su ma ba dukkansu suka samu shiga ba.

A nan ne ake yawan ruɗewa. Wani dattijo mai harkar albasa ya taɓa kawo mini laftof ɗinsa, da na duba na ce ba ta cika sharaɗi ba, sai ya ce, "Ɗana, ai i7 ce fa. Wanda ya sayar mini ya ce babu ta sama da ita." Na ce, "Baba Alhaji, i7 ce kam, kuma tana da ƙarfi, amma 'yar zubi na 6 ce. Ƙaramar i3 ta zubi na 8 za ta wuce, taka ba za ta wuce ba." Bai ji daɗi ba, kuma ban ga laifinsa ba, domin injin lafiyarsa ƙalau. Irin waɗanda suka cika kasuwarmu ke nan: HP EliteBook 840 G3 zubi na 6 ce, G4 na 7, sai G5 ne galibi na 8. ThinkPad T470 ba ta kai ba, T480 galibi ta kai. Na ce galibi, saboda a cikin samfuri ɗaya akan samu wadda aka sa wa tsohon furosesa. Kada ka dogara da sunan da ke jikin murfi, lambar nan ta ciki za ka karanta.

Sauran sharuɗɗan su ne ram giga 4, wurin ajiya giga 64, sabon tsarin tashi na UEFI mai iya Secure Boot (kariyar lokacin tashi), da TPM 2.0, wato sashen tsaro da ke cikin injin. Ƙaramar manhajar Microsoft mai suna PC Health Check tana duba su duka ta faɗa maka wanda ya gaza. Idan TPM ta ce babu, kada ka yanke ƙauna, sau da yawa yana nan, kashe shi aka yi. Rubuta tpm.msc a akwatin nan na Windows da R ka gani. In bai bayyana ba, a BIOS ake kunna shi, wato shafin saitin injin da ake shiga kafin Windows ya tashi, kuma can yakan zo da wani suna: PTT a injin Intel, fTPM a na AMD. Shiga BIOS a HP da F10 ne, a Dell F2, a ThinkPad F1, ana dannawa da zarar an kunna. Amma dakata, kada ka sauya komai a can sai ka karanta abin da zan ce a kan BitLocker.

Game da ram, giga 4 a takarda ne kawai ya isa. Kwamfuta mai giga 4 da tsohon faifai mai juyawa za ta karɓi Windows 11, sai dai mai ita zai riƙa jiran Chrome ya buɗe har ransa ya ɓaci. Ni ba na ɗora wa irin wannan sai na shawarci mai ita ya sa SSD, wato sabon faifai mai sauri marar juyawa, ya kai ram giga 8 in akwai gurbi. Kuɗin da aka kashe a nan ya fi duk wani abu canza yadda injin ke gudu. Ka kuma tabbatar akwai aƙalla giga 25 zuwa 30 a sake a faifan C, domin tsohon Windows zai zauna a gefe na ɗan lokaci. Idan kuma Windows 10 ɗinka mai bit 32 ne, ba ya hawa kai tsaye, tunda Windows 11 bit 64 kaɗai ake yi. Wannan sai an wanke an zuba sabo.

Yanzu kwashe kaya, kuma a nan ba na sassauci ko da mai kwamfuta yana sauri. Ƙaurar da aka yi daidai ba ta goge komai, gaskiya ne. Amma wuta na iya ɗaukewa, faifan da ya tsufa na iya cikawa a tsakiyar aikin, domin rubutun da ake yi masa a sa'o'in nan yana da yawa ƙwarai. Na ga malamin sakandare da ya zo da kwamfutar da wani ya wanke masa ba tare da ya tambaye shi ba, makin ɗalibansa da jarrabawar da ya tsara duk suna ciki. Na ga ɗalibar jami'a da kundin kammala karatunta kwafi ɗaya tak ne a duniya, a kan fuskar kwamfuta. Ka samu faifan waje ko kile, wato filash, mai girma, ka kwafe Bureau, Documents, Images da Téléchargements, ko takwarorinsu in taka da Turanci take. Téléchargements ɗin nan ake mantawa, alhali nan takardun da aka turo ta WhatsApp da imel suke taruwa. Idan kana da manhajar lissafin shago ko ta kantin magani, tambayi wanda ya sa maka ita inda take ajiye bayananta, da lambar lasisinta. Kalmomin sirrin da Chrome ke cike maka da kansa, ka tabbatar ka san su ko ka fitar da su. Bayan ka gama kwafa, ka soka faifan a wata kwamfutar ka buɗe fayil biyu ko uku ka ga sun buɗu. Sannan ka zare shi ka ajiye nesa da wurin aikin.

BitLocker makulli ne da ke rufe faifan gaba ɗaya, kuma laftof da yawa da suka fito daga ofisoshin Turai, ko waɗanda aka taɓa shiga da asusun Microsoft, yana kunne a cikinsu mai su bai sani ba. Kullum lafiya ake tashi, sai ranar da aka taɓa TPM ko Secure Boot a BIOS, sai shuɗin shafi ya fito yana neman mabuɗi mai lamba 48. In ba ka da shi, babu mai gyaran da zai buɗe maka, a Garwa ne ko a Yawunde. Saboda haka kafin ka shiga BIOS, buɗe cmd, wato baƙin allon umarni, a matsayin mai iko da kwamfuta, ka rubuta manage-bde -status. Idan ya nuna a rufe faifan yake, nemi mabuɗin a asusunka na Microsoft, ka rubuta shi a takarda da biro, ka kuma ɗauki hotonsa a waya. In ba ka same shi ba, ka kashe BitLocker ɗin, ka jira ya gama warwarewa, sannan ka ci gaba.

Akwai wani tarkon a shafin msinfo32 ɗin nan, layin da ke cewa Mode BIOS. Idan ka ga UEFI, madalla. Idan ka ga Hérité ko Legacy, to wanda ya zuba Windows ɗin da tsohon tsari ya zuba, kuma da yawa daga masu gyara haka suka saba. Ka je BIOS ka juya zuwa UEFI kai tsaye, kwamfutar ba za ta tashi ba. Sai an fara juya faifan daga MBR zuwa GPT da umarnin mbr2gpt da ke cikin Windows 10, a fara da gwaji, in ya amince a juya, daga nan a sauya BIOS. In ba ka saba da baƙin allon umarni ba, wannan matakin ka kai wa wanda ya saba.

Hanyoyin hawa uku ne: ka jira Windows Update ya miƙo maka, ko ka yi amfani da mataimakin ɗorawa na Microsoft, ko ka sauke fayil ɗin ISO, wato Windows 11 ɗin gaba ɗaya a fayil guda. Ni na ukun nake bi, kuma dalilina data ne. Biyun farko kowace kwamfuta sai ta sauke nata, in intanet ya yanke ko aikin ya gaza a wasu lokutan a koma baya. ISO kuwa sau ɗaya ake sauke shi, ya yi wa kwamfutar gida, da ta shago, da ta maƙwabci. Nauyinsa ya haura giga 5, na baya-bayan nan ma sun fi haka, don haka ka nemi wurin da ke da intanet mai ƙarfi ko ka sayi data ta dare. Daga shafin Microsoft kaɗai za ka sauke, kuma mahaɗin da suke bayarwa awa 24 yake yi ya mutu. Kada ka karɓi wanda wani ya ce ya rage masa nauyi ko ya riga ya buɗe masa lasisi. Ba ka san abin da aka cusa a ciki ba. Idan kile ya ƙi karɓar fayil ɗin alhali akwai wuri, tsarinsa FAT32 ne, wanda ba ya ɗaukar fayil ɗaya da ya wuce giga 4. Ka mayar da shi NTFS ko exFAT.

Kafin ka sauke, ga abin da ya fi komai cinye wa mutanenmu data a banza: harshe. Domin Windows 11 ya hau ya bar maka manhajojinka da fayilolinka, dole harshen ISO ya zama ɗaya da harshen da aka zuba Windows 10 da shi tun asali. Ba harshen da kake gani a fuska ba, na asali. Laftof ta shigo ta Najeriya da Turanci, mai shago ya ɗora mata Faransanci a sama domin ta sayu a nan, kai kuma kana ganin Paramètres da Bureau ka ɗauka Bafaranshiya ce. Ka sauke ISO na Faransanci, ka kai wurin zaɓi, sai ka tarar zaɓin riƙe manhajoji ya dushe ba ya dannuwa. Haka wadda ta fito daga Jamus ko Holan. Maganin abu ne na minti ɗaya: a cmd ɗin nan na mai iko ka rubuta dism /online /get-intl, ka duba harshen tsarin na asali. In ka ga fr-FR, Faransanci za ka sauke. In en-US ne, Turancin Amurka. In en-GB ne, wanda suka kira English International, domin Turancin ma biyu ne kuma ba sa maye gurbin juna. Ni ina ajiye da ukun a faifai ɗaya. Bayan an gama hawa, kana iya sake ɗora harshen da kake so a sama, in dai Windows ɗinka ba irin mai harshe ɗaya tilo ba ne.

Ka leƙa shafin Activation ma kafin ka fara. Windows 10 mai lasisin gaskiya kyauta yake komawa 11, Famille ya zama Famille, Professionnel ya zama Professionnel, kuma laftof ɗin ofis da yawa lasisinsu a jikin injin yake. Wanda aka buɗe da manhajar sata kuwa, kada ka yi mamaki in ya dawo yana neman lasisi.

Sai wuta da zafi. Duk mazaunin Garwa ya san yadda ake ciki daga Maris zuwa saukar damina, lokacin da ruwan madatsar Lagdo ya ja baya, ake rabon wuta unguwa-unguwa, zafi kuma ya haura digiri 40. Aikin nan yana ɗaukar daga ƙasa da awa ɗaya a kan SSD zuwa awa uku ko fiye a kan tsohon faifai, kuma akwai wurin da in wuta ta yanke, sai an yi da gaske kafin injin ya dawo. Laftof mai batir lafiyayye ta fi kwamfutar tebur aminci a nan. Amma batiran na hannu suna yaudara, ka ga 100 a fuska, a zare caja ta mutu cikin minti goma. Gwada ta tukuna: cika ta, zare caja, kunna bidiyo, ka ga iya inda za ta kai. In ba ta yin awa biyu, ka yi aikin a inda ke da sola ko janareta mai isasshen mai. Kwamfutar tebur kuwa ba na fara mata sai a kan sola ko janareta, da UPS, wato akwatin batir mai riƙe wuta, a tsakani, domin ƙaramin UPS shi kaɗai 'yan mintoci yake riƙewa.

Zafin ma yana kashe inji a tsakiyar aiki. Ƙurar hunturu tana toshe fanka, furosesa kuma a lokacin ɗorawa yana aiki da iyakar ƙarfinsa, in ya yi zafi fiye da kima sai ya kashe kansa. Ka sa hannu a inda iska ke fita. In fanka na kuka amma iskar ba ta fitowa sosai, a buɗe a share kafin komai. Ka ɗora laftof a kan tebur, ka ɗan ɗaga bayanta, ba a kan katifa ko darduma ba. Ni bayan sallar asuba ko bayan isha'i nake irin wannan aikin. Ka duba agogon kwamfutar kuma. In kwanan wata na komawa baya duk lokacin da aka kashe, ƙaramin batirin cikin allo ne ya mutu, irin CR2032 a yawancin injuna, kuma shi kaɗai yana iya hana sabuntawa tafiya ko ya mayar da abin da ka gyara a BIOS.

In duk wannan ya kammala, sauran mai sauƙi ne. Zare firinta, modem, da duk abin da ke soke in ban da caja. In akwai manhajar kashe ƙwayoyin cuta da ba ta Windows ba, musamman wadda lasisinta ya ƙare, cire ta. Kwafi ISO ɗin zuwa cikin kwamfutar, ka danna shi sau biyu, zai buɗe kamar faifai, ka kunna setup. A shafin farko akwai ɗan rubutu na sauya yadda ake sauke sabuntawa, ka shiga ka zaɓi ba yanzu ba. Wannan yana tsare maka data, yana kuma rage jira. Ka amince da sharuɗɗa. A shafin ƙarshe ka tsaya ka karanta da idonka cewa zai riƙe fayiloli da manhajoji. In ba haka ya rubuta ba, kada ka danna, koma ka duba harshe. In haka ne, danna ka janye hannunka. Zai kashe ya kunna kansa sau da dama, lambar na iya tsayawa wuri ɗaya na tsawon lokaci, fuskar na iya yin baƙi. Kada ka danne maɓallin kashewa. Wani amfanin wannan hanyar shi ne asusunka na cikin kwamfuta yana nan yadda yake, alhali wanda ya wanke ya zuba sabo za a nemi ya haɗa intanet ya shiga da asusun Microsoft.

Idan ya gaza, yawanci da kansa yake komawa Windows 10 ya ba ka lamba. Wadda ta fara da 0xC1900101 matsalar direba ce, wato manhajar da ke haɗa Windows da sassan injin, ka sabunta direbobi da BIOS daga shafin kamfanin da ya ƙera injin, ka sake gwadawa. 0x80070070 kuwa wuri ne ya yi kaɗan.

Da ya tashi, abu na farko da ke firgita mutane shi ne kalmar sirri ta ƙi shiga. Kafin ka ce an lalata maka kwamfuta, duba ƙasan fuskar ta dama ka ga wane tsarin madannai ke kai. Na Faransa, AZERTY, da na Turanci, QWERTY, sun yi musayar A da Q, da Z da W, harafin M ma ba wuri ɗaya yake ba, lambobin sama kuma a AZERTY sai an haɗa da Shift. Ka sauya a nan, ka danna ɗan idon da ke nuna abin da ka rubuta. Tunda ka zo kan madannai, shiga wurin harshe ka ƙara Hausa. Windows yana da tsarin da ke ba ka ƙ da ɗ da ɓ ba tare da wahala ba, ga na Larabci ga malamai masu rubuta darasi. Windows tare da maɓallin tazara ke juyawa tsakaninsu.

Kafin ka haɗa shi da intanet ɗin wayarka, ka san cewa sabon Windows da yunwa yake tashi. Da ka haɗa, shiga bayanan wannan Wi-Fi ɗin ka kunna Connexion limitée, wato ka gaya masa datar a ƙirge take. Sabuntawar tsaro ta farko ka yi ta a wurin intanet mai yalwa, kada ka bar ta, ai saboda ita aka yi ƙaurar. In ya ba ka shawarar ajiye Bureau da Documents a OneDrive, ka yi tunani kafin ka amince. Giga 5 ne na kyauta, kuma tura su sama datarka zai ci. Masu jin baƙunta da maɓallin farawa a tsakiya, ana mayar da shi hagu a saitin sandar ƙasa. Jerin da ke fitowa in an danna dama ya gajarce, tsohon yana ƙarƙashin layin ƙarshe, ko ka riƙe Shift ka danna dama. WordPad kuwa an cire shi tun daga fitowar 24H2 ta 2024, masu buɗe takardu da shi su tanadi wani.

Kwana 10 kake da su na komawa Windows 10 ba tare da asara ba, ta Paramètres, Système, Récupération. Tsohon yana zaune a folda mai suna Windows.old, kuma tana da girma, shi ya sa masu son wuri suke saurin share ta. Kada ka taɓa ta, kada ka bar manhajar shara ta taɓa ta. A cikin kwanakin nan ka gwada duk abin da kake ci da shi: firinta, sikana, kyamara, sauti, manhajar lissafi, shafin da kake biyan haraji ko rajistar ɗalibai. Masu shagon buga takardu su fi kowa kula, domin tsofaffin firintocin da muke ji da su wasu direbansu ya daɗe ba a sabunta ba. Galibi direban Windows 10 mai bit 64 yana aiki, ka sauke shi ka ajiye tun kafin ƙaura. In kana da kwamfutoci da yawa a shago, ɗaya za ka fara yi wa, ta yi mako tana aiki, sannan sauran.

Saura waɗanda injinsu bai cika sharaɗi ba, kuma a Garwa suna da yawa. Kowa ya ji labarin Rufus, manhajar da ke shirya kile ta tsallake binciken TPM da sauransu. Tana aiki, ba zan ɓoye ba, kuma inji mai zubi na 6 ko na 7 da SSD yana tafiya da Windows 11 lafiya. Amma mai kwamfuta ya cancanci a gaya masa sauran zancen. Microsoft ya ce bai yi alkawarin ci gaba da aiko wa irin wannan injin sabuntawa ba. Kowace fitowa ta shekara wata 24 ake kula da ita a Famille da Professionnel, kuma injin da aka tsallakar ba a saba miƙo masa ta gaba da kanta ba, sai an sake yi da hannu. Tsofaffi sosai irin Core 2 Duo kuwa, daga 24H2 ko tashi ba sa yi. Ga ɗalibi mai son gwaji wanda ya iya gyara wa kansa, ba ni da ja. Ga kwamfutar da asibiti, makaranta ko shago ke dogara da ita, ni ba na yi. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Abin da nake ba su shawara ya danganta da aikinsu. A 2025 Microsoft ya fito da shirin ƙarin gyaran tsaro na Windows 10 mai suna ESU, wanda a lokacin aka tsara wa mutanen gida zuwa 13 ga Oktoba 2026. Sai injin yana kan 22H2, fitowar ƙarshe ta Windows 10, wadda za ka gani in ka rubuta winver a akwatin nan na Windows da R, kuma sai da asusun Microsoft. A 2025 ana shiga ne da dala 30, ko da makin Microsoft Rewards 1000, ko kyauta in ka yarda a ajiye saitinka a asusun. Jinkiri ne na tara kuɗin wani injin. Wanda aikinsa intanet ne da rubutu da kallo, Linux Mint yana tafiya da kyau a kan injunan nan, kyauta ne, yana da Faransanci, ana kuma iya gwada shi daga kile ba tare da an taɓa faifai ba. Sai dai a fara gwada firinta da duk manhajar da ba a iya rabuwa da ita. Kwamfutar da buga takardu kawai take yi kuwa, tana iya zama a Windows 10 in an raba ta da intanet, ana kuma lura da kilen da baƙi ke kawowa.

In kuma sayen wata za ka yi, ganin Windows 11 a fuskarta a kasuwa ba shaida ba ce, domin ana tsallakar da tsofaffi a jera su a kanta. Ka ce a kunna ta a gabanka, ka buɗe msinfo32 ka karanta lambar furosesa, ka buɗe tpm.msc ka ga 2.0, ka shiga BIOS ka tabbatar babu kalmar sirrin tsohon ofishin da ta fito, ka zare caja ka ga batirin na riƙewa, sannan ka yi ciniki.